Gasar Kamfanonin Waya: Wa Ke Tsare wa Talaka Haƙƙinsa?

Kafin shekarar 2001, wayar tarho a Najeriya sai masu hannu da shuni. Kamfanin gwamnati na NITEL shi kaɗai ke cin karensa babu babbaka, kuma layukan da ke aiki a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 ne hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285. Cikin watan Agusta kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki.

Sauƙin bai zo nan take ba. An sayi layi a kan dubban nairori, kira kuwa kusan naira 50 ne a minti. Ko sallama kawai ka yi waya ta katse, an cire maka kuɗin minti cur. Shi ya sa masu sana'ar buga waya a gindin lema suke zuba wa agogo ido, mai kira kuma yana ta sauri ya gama kafin minti na biyu ya shiga. Kamfanonin sun yi ta nuna cewa cajin daƙiƙa-daƙiƙa ba zai yiwu da wuri ba. Da Globacom ya shigo a 2003 ya fara da shi, ba a jima ba kowa ya bi sahu. A ganina, babu wata hujja da ta nuna amfanin gasa kamar wannan.

Sai dai gasa tana buƙatar mai tsaronta. A 2013 NCC ta ayyana MTN a matsayin wanda ya mamaye kasuwar kira, ta kuma ba mutum damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Duk da haka, yau fiye da rabin layukan ƙasar na hannun MTN, yayin da 9mobile, wanda ya gaji Etisalat, ya yi ta asarar masu hulɗa da shi. Mai waya a ƙauyen da sabis ɗaya kaɗai ke kamawa, ina zai sauya ya koma?

Yadda hukuma ke yanke hukunci shi ma yana rage yarda. A 2015 an ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layukan da ba a yi wa rajista ba. Bayan doguwar tattaunawa, tarar ta dawo biliyan 330. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Kamfanonin na da uzuri, don naira ta faɗi, dizal ɗin da ke kunna turakunsu ya yi tsada. Amma idan farashi ya tashi a ko'ina kusan lokaci ɗaya, dole talaka ya yi zargin an haɗa baki, ko da ba a haɗa ba.

NCC da hukumar FCCPC mai kula da gasa da haƙƙin masu saye su riƙa fito da lissafin da suka dogara da shi fili, su fassara shi zuwa harsunan da jama'a ke ji. Kai kuma mai karatu, idan an yashe maka kati ko data babu dalili, fara kai kuka wurin kamfanin. In bai share maka hawaye ba, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne.