Gubar kifin teku da wuta ba ta kashewa ta iso kusa da gaɓar Afirka ta Yamma

A shekarar 2004, wasu iyali a tsibiran Kanari na ƙasar Sipaniya, waɗanda ke cikin tekun Atlantika daura da Maroko, sun ci wani ƙaton kifi da aka kamo a ruwan yankin. Kifin bai lalace ba, bai yi wari ba, amma bayan ƴan awanni sai amai da zawo suka kama su, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi. Bincike ya tabbatar cewa cutar siguwatera ce, wadda a da aka fi saninta a tsibiran Karibiyan da na tekun Pasifik.

Asalin gubar ba daga kifin take ba. Wata ƴar gansakuka ce mai ƙwayar halitta guda take samar da ita, ido ba ya ganinta sai da madubin bincike. A shekarun 1970 ne masanin Japan Takeshi Yasumoto da likitan Faransa Raymond Bagnis suka gano ta a tsibiran Gambiye na yankin Polinesiya ta Faransa, daga nan ta samu sunanta na kimiyya, Gambierdiscus toxicus.

Wannan halitta ba ta cika yawo a tsakiyar teku ba. Maƙalewa take yi a jikin ciyayin ruwa da matattun duwatsun murjani, a wuraren da ba su da zurfi kuma haske ke kaiwa. Ta fi son ruwan gishiri mai ɗumi, tsakanin digiri 25 zuwa 30. Girmanta a hankali ne, domin ƙwaya ɗaya kan ɗauki kwanaki kafin ta rabu gida biyu, amma idan ta samu wurin zama sai ta yi yawa. Duk abin da ya kashe murjani, guguwa ce, zafin ruwa ne ko aikin ginin tashar jiragen ruwa, yana buɗe wa ciyayi fili, ciyayin kuma su ne gidanta.

Ƙananan kifaye masu kiwon ciyawa suna haɗiye ta, manya irin su barakuda su cinye ƙananan, gubar ta riƙa taruwa a jikinsu, musamman a hanta da kayan ciki da kai. Shi ya sa galibi babban kifi ya fi haɗari. Dafawa, soyawa, banda ko ƙanƙara, babu wanda ke kashe ta, kuma ba ta sauya ɗanɗano.

Wata alama da ta bambanta cutar ita ce mai fama da ita ya taɓa ruwan sanyi ya ji kamar wuta ta ƙone shi. Ba ta cika kisa ba, sai dai ƙaiƙayi da kasala na iya ɗaukar makonni ko watanni, kuma har yanzu babu makarinta. Ana ƙiyasta cewa mutum dubu 10 zuwa dubu 50 ne ke kamuwa kowace shekara a duniya.

Masana na fargabar ɗumamar teku za ta ƙara faɗaɗa wuraren da halittar ke iya rayuwa. A 2011 an bayyana wani sabon nau'inta a ruwan Kanari, kuma hukumomin tsibiran suna gwada manyan kifaye na wasu nau'o'i kafin a kai su kasuwa. Fatauci ma na kai gubar nesa da teku: a 2012 mutane sun kamu a Jamus bayan cin kifin da aka shigo da shi daga Indiya.

Kifin kogin Neja da na tafkin Madarunfa ba ya cikin wannan haɗari, domin gansakukar ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Ga kifin teku kuwa, shawarar likitoci ita ce a guji hanta, ƙwai da kan manyan kifayen yankin murjani, duk wanda ya ji irin waɗannan alamomi kuma ya garzaya asibiti ya faɗi abin da ya ci.