Kin Biya Bashin, Amma Kin Wanke Sunanki?

'Yan'uwa mata, kun san halin uwar adashi: wadda ta saba makara wajen zubi, ita ake bar wa kwasar ƙarshe. To, bankuna ma ba sa mantuwa.

A Nijeriya akwai kamfanoni uku, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, masu ajiye labarin masu cin bashin banki. Da labarin nan ake bai wa mutum maki, a CRC daga 300 zuwa 850. Mai ƙaramin maki, ko jarin ƙuli-ƙuli ta nema sai ta sha wuya. Tun 2020 kuma, muddin kin sa hannu a kan sharaɗin, banki na iya bin lambarki ta BVN ya cire kuɗinsa daga ajiyarki ta wani bankin.

Uwargida, ranar da kika biya, kada ki fito sai da takardar shaida cewa ba a bin ki ko kwabo. Bayan 'yan makonni ki nemi rahotonki, ki ga ko an gyara. Tabon makara ba ya gogewa nan take, biya a kan kari ne ke ɗaga maki sannu a hankali.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma kada ki ara wa kowa sunanki ya ci, ko da maigida ne.