Shin Tsuntsun Fengwin Yana Da Gwiwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Tafkin Jabi a Abuja da sassafe, ya ga balbela tana takawa a gefen ruwa, zai iya rantsewa cewa gwiwar tsuntsu baya take lanƙwasawa, saɓanin ta ɗan Adam. To, jama'a masu karatu, ido ne ya ruɗe mu. Wannan gaɓa da muke gani idon sawu ce, domin tsuntsu a kan yatsunsa yake tafiya kamar mai sanɗa, diddigensa yana sama. Gwiwar ainihi tana can manne da jiki, gashi ya rufe ta, kuma gaba take fuskanta kamar tamu.

Mai shakka ya sayo kaza a Kasuwar Wuse, a yanka, a fige. Zai tarar cinyar gida biyu ce, mahaɗar da ke tsakaninsu ita ce gwiwa, inda ake datse ƙafa a jefa a miya kuwa shi ne idon sawu. Sanin wannan yana da amfani ga masu kiwo, gama idan abincin 'yan tsaki ya rasa sinadarin manganis, wannan gaɓa ta ƙasa ce ke kumbura, jijiya ta goce, kaza ta gurgunce, a yi hasara.

Inda maganar ta fi ɗaure kai shi ne wajen fengwin, watau tsuntsun nan mai baƙin baya da farin ciki da ke zaune a tekunan kudancin duniya, har da gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya. Ba ya tashi sama, sai iyo. In yana tsaye sai ka ce tafin ƙafa aka liƙa wa buhu, amma hoton ƙashinsa ya nuna yana da cinya da gwiwa da ƙwauri, har da ƙoƙon gwiwa. Duk suna cikin jiki a naɗe, kamar mutumin da ya tsuguna cikin babbar riga. Ƙafafun suna can baya daf da wutsiya, saboda haka a ruwa suke zama masa abin juya akala, yayin da fukafukai ke tuƙi. Mafi girma a cikinsu yakan nutsa fiye da mita 500.

A tudu ne yake biyan bashin wannan baiwa. Gajerun ƙafafu na cin ƙarfi ainun, shi ya sa yake rangaji dama da hagu. A shekarar 2000 waɗansu masana a Amurka suka auna, suka tarar rangajin nan da ake yi wa dariya shi ne ke rage masa wahala, domin kowane lilo yana taimaka wa takun da ke biye. A kan waɗannan ƙafafu kuma namijin babban fengwin na Antatika yake ɗora ƙwai ɗaya, ya lulluɓe shi da fatar ciki har wajen wata 2 cikin tsananin sanyi, bai ci kome ba, kafin macen ta komo daga teku.