Shirin Musamman: Yadda Ake Dawo da Ƙyallin Tirelar Tafi-da-Gidanka

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau shirin namu zai leƙa Amurka, inda iyalai da yawa ke da tirelar tafi-da-gidanka, wato ɗaki mai gado da kicin da banɗaki da ake ja da mota lokacin hutu. Garin Elkhart na jihar Indiyana ne cibiyar ƙera su. Kamfanin Airstream kuwa, wanda Wally Byam ya kafa a shekarun 1930, ya yi suna da tireloli masu jikin alminiyom.

Babban maƙiyin tirelar tafi-da-gidanka shi ne rana. Da yawa daga cikin tirelolin jikinsu na faiba ne, mai siririn shafi mai sheƙi a sama. Idan rana ta daɗe tana dukansa, sai launin ya koɗe. Shafa tafin hannunka a jikin: in ka ga farin gari kamar alli ya manne maka, to shafin ya fara ci.

Gyara daga wanki yake farawa. A kai tirelar inuwa, a fara daga rufi a gangaro ƙasa, domin dattin rufi ne ke zubowa ya bar baƙaƙen layuka a gefe. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, kada yashi ya koma ya karce jikin. Sabulun wanke kwanuka yana cire kakin da ake shafawa don kare jikin, don haka na mota ake so. Rufin roba kuma ba ya shiri da fetur ko kananzir. Injin feshi mai ƙarfi yana iya ɓamɓare ɗankon da ya toshe bakin tagogi, kuma da zarar ruwa ya samu kafa, katakon ciki ya shiga uku.

(KIƊA)

In ta bushe, sai a bi ta da man gogewa mai ɗan kaushi, gefe-gefe, da haƙuri, har farin garin ya tafi, launin asali ya fito. Daga nan a shafa kaki siriri, a bari ya yi hazo-hazo, a goge da ƙyalle mai laushi. Fitaccen kakin shi ne karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino a arewa maso gabashin Barazil. Watsa ruwa ka gani: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa, kakin ya kama.

Masu sauraro, wannan kaki garkuwa ce tsakanin rana da dukiyar mutum. Masu kula sukan shafa shi sau biyu a shekara, domin shafin da aka bari ya cinye sai dai sabon fenti, mai tsadar gaske. Motocinmu da ke shan rana da ƙurar hunturu ma suna buƙatar wannan kulawa.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)