Takalmi Mai Taya: Me Ya Sa Sabon Shiga Ke Shan Ƙasa?

A Kano ba mu da dusar ƙanƙara, don haka wasan zamiya irin na Turai sai dai mu kalla a talabijin, kamar lokacin da Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta hunturu a Beijing a 2022. Amma muna da ɗan uwan wannan wasa, wato takalmi mai taya, wanda samari ke kira siketin. Duk mai bin titin Zariya da yamma, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku, ya saba ganin matasa suna sulalawa a gefen kwalta. Shekara biyu ke nan ina wannan wasa, 'yan ajinmu da dama a hannuna suka koya, kuma na lura kusan kowa iri ɗaya yake faɗuwa.

Shan ƙasa a wannan harka tsohon abu ne. John Joseph Merlin, mutumin Beljiyam da ake dangantawa da ƙirƙiro takalmin tun ƙarni na 18, ya shiga wani taron biki a Landan a kan tayoyi yana kaɗa goge irin na Turawa. Takalmin babu birki. Sai da wani ƙaton madubi ya tare shi, madubin ya farfashe, shi ma ya ji ciwo. A 1863 James Plimpton na Amurka ya fito da mai taya huɗu, biyu gaba biyu baya. Mai tayoyi a jere kuwa, irin wanda ya fi yawa a titunanmu, kamfanin Rollerblade ne ya yaɗa shi a shekarun 1980.

To me ke kayar da sabon shiga? Tsoro ne, ba santsi ba. Da mutum ya ji ƙafarsa ta fara tafiya ba da izninsa ba, sai ya miƙe tsaye ƙiƙam, ya sandare gwiwa, ya ja ƙirji baya kamar mai gudun mari. 'Yan injiniya sun san sauran labarin: nauyin jiki ya koma bayan tayar ƙarshe, ƙafafu su yi gaba, mazaunai su yi ƙasa. Idan abin ya zo da tsautsayi har ƙeya sai ta daki kwalta. Masu koyon zamiya a kan ƙanƙara ma wannan jan jiki baya ne ke kayar da su. Maganinsa ya saba wa abin da zuciya ke raya maka: ka lanƙwasa gwiwa har ta rufe maka ganin yatsun ƙafarka, ka ɗan sunkuya, hannuwa a gaba. Kuma ka daina kallon ƙafa, ka kalli inda za ka. Wanda ya ƙura wa kwata ido, wallahi kwatar zai faɗa.

Tafiyar ma ba irin takun da muka saba ba ce. Sai ka buɗe yatsun ƙafa waje, dugadugai kusa da juna kamar tafiyar agwagwa, kana turawa ta gefe. Mai ƙoƙarin ɗaga ƙafa ya taka gaba, nan zai tsaya yana tsilla-tsilla yara na masa dariya.

Inda na fi jan kunnen mutane shi ne tsayawa. Kowa so yake ya iya gudu a rana ta farko, babu mai tambayar birki sai ya hango mai kayan miya a gabansa. Yawancin takalman koyo suna da ɗan roba a dunduniyar ƙafar dama. Za ka tura ƙafar gaba, ka ɗaga yatsu, robar ta goga ƙasa. Sai dai na gwanjo da aljihun ɗalibi ke iya saya, sau da yawa robar ta cinye ko an cire ta, saboda haka a duba kafin a biya. Akwai kuma buɗe ƙafafu a karkato yatsu ciki, wadda ita ce dabarar farko da ake koya wa masu zamiyar ƙanƙara. Jan ƙafa ɗaya a baya a gicciye yana tsayarwa, amma yana cin taya kamar me.

Sai kuma titunanmu. Tayar takalmin nan ba ta wuce milimita 80 ba a yawancinsu, ɗan tsakuwa kamar ƙwayar gyaɗa ya isa ya tsayar da ita cak, jiki kuwa ya ci gaba da tafiya. Yashin da ke taruwa a gefen kwalta, musamman bayan ruwan sama, shi ne babban abokin gaba. Ga ramuka, ga tudun rage gudu, ga kwata a buɗe. Wajen kasuwar Tarauni ba wurin koyo ba ne ko kaɗan, haka gangaren gadar Dangi. Ni dai na fi son dandamalin siminti mai laushi, ko layin cikin unguwa da sassafe ranar Lahadi kafin ababen hawa su fito.

Kama bayan adaidaita sahu kuwa, ban ga burgewa a ciki ba. Mu yi lissafi. Gudun kilomita 30 a awa daidai yake da kusan mita 8.3 a daƙiƙa. Wanda ya yi karo da abu a wannan gudu, tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita uku da rabi, wato kamar daga rufin ɗaki. Idan gudun ya ninka, ƙarfin bugun sau huɗu yake ƙaruwa. Direban bai san kana maƙale ba, zai taka birki don ɗaukar fasinja, na bayanka kuma bai yi shirin kauce maka ba.

Abin da ya fi shafarmu mu ɗalibai shi ne wuyan hannu. Duk mai faɗuwa tafin hannu yake kaiwa ƙasa, kuma wani lokaci hannun da yake rubutu da shi ne. Wani abokina ya faɗi saura mako biyu jarrabawa, ya ce ai targaɗe ne, aka ja masa aka shafa man zafi. Ciwon bai daina ba, daga baya hoto ya nuna tsagewar ƙashi. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa wanda jini ba ya isarsa sosai. Idan ya tsage, wani lokaci ko a hoton farko ba ya fitowa, kuma in aka bar shi yana iya ƙin haɗewa, hannu ya yi ta ciwo shekara da shekaru. Don haka in ka faɗi, ka danna ɗan ramin da ke bayan gindin babban yatsa ka ji zafi, ko wurin ya kumbura, kada ka tsaya jan targaɗe. Asibitin Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, na ƙashi kuma yana Dala.

Kariyar wuyan hannu, ta gwiwa, ta gwiwar hannu da hular kwano, na san wasu na ganin kayan yara ne. In kuɗin bai kai a haɗa duka ba, a fara da hula da ta wuyan hannu. Sannan ranar farko a tsaya kan ciyawa ko tabarma, inda taya ba ta gudu, a koyi faɗuwa ta gaba: gwiwa ta fara sauka, hannu ya biyo baya yana zamewa a kan robarsa, yatsu a sama.