Majiyar Bogi da Ƙagaggen Ganau a Labaran Sararin Samaniya: Nazarin Labarin Wata na Jaridar The Sun, 1835

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake gina labarin ƙarya a kan majiyar da babu ita, ta hanyar ɗaukar misali daga jerin rahotannin da jaridar The Sun ta birnin New York ta buga a watan Agustan 1835, inda ta yi iƙirarin cewa an hango halittu masu rai a duniyar wata. An bi diddigin silsilar da jaridar ta jingina labarin da ita, aka tsame tubalai huɗu: sunan masani na gaske, da mujallar da ta daina fitowa, da ganau ƙagagge, da alƙaluman lissafi. An kuma kwatanta wannan da labarin ɗan sama-jannatin bogi, Ivan Istochnikov, na shekarar 1997. Nazarin ya nuna cewa karɓuwar irin wannan labari ta fi dogara a kan silsilar da aka jingina shi da ita fiye da abin da yake ƙunshe a cikinsa.

Fitilun Kalmomi: majiya, ganau, silsila, aikin jarida, sararin samaniya, habaici

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta ganau da jiyau, ya kuma fifita na farko da cewa gani ya kori ji. A fagen labaran sararin samaniya kuwa, kusan dukkan masu karatu jiyau ne, kuma galibi shi kansa ɗan jaridar jiyau ne. Idan aka ba da labarin gobara a kasuwa, mai shakka yana iya takawa ya duba. Idan kuwa aka ce an hango wani abu a wata, ba abin da ya rage masa sai ya auna wanda ya faɗa. Saboda haka duk nauyin gaskiyar labarin yana komawa kan majiya, kuma wanda ya iya ƙera majiya ya gama rabin aikin yaudara. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda ake wannan ƙira, ta amfani da misalin da ya fi kowane shahara a tarihin jaridun Amurka.

2.0 Jaridar Kwabo da Zamaninta

Benjamin Day ya kafa The Sun a watan Satumban 1833. A lokacin manyan jaridun New York ana sayar da su santi shida, kuma 'yan kasuwa da 'yan siyasa ne masu karanta su. Day ya sa tasa santi ɗaya, ya ba yara suna tallarta a titi. Jaridar da ke rayuwa da cinikin yau da gobe dole ne kullum ta nemo abin da zai sa mai wucewa ya tsaya, don haka labaran kotu da na kisan kai da na al'ajabi suka zama jarinta.

Zamanin ma ya dace. A shekarar 1835 jama'a suna dakon dawowar tauraruwa mai wutsiya ta Halley, kuma hankula sun karkata zuwa sama. Batun ko akwai mazauna a sauran duniyoyi bai zama abin dariya ba a wurin masu ilimi. A 1824 wani masanin taurari Bajamushe, Franz von Gruithuisen, ya wallafa cewa ya hango alamun ganuwar birni a wata. A Sukotland kuma Thomas Dick, malamin addinin Kirista mai rubutu a kan kimiyya, yana da ɗimbin masu karatu a Amurka, kuma yana koyar da cewa duniyoyin sama cike suke da halittu. Uwa uba, babu wayar tangarahu tsakanin nahiyoyi. Wasiƙa daga New York zuwa Turai takan ɗauki makonni a jirgin ruwa, zuwa kudancin Afirka kuma fiye da haka.

3.0 Abin da Aka Buga

Daga ranar Talata 25 zuwa Litinin 31 ga Agustan 1835 jaridar ta buga labarin kashi shida. Kashi na farko bai ambaci wata halitta ba. An cika shi da bayanin wani sabon madubin hangen nesa da aka ce Sir John Herschel ya kafa a kudancin Afirka, mai gilashin da faɗinsa ya kai ƙafa 24, nauyinsa kusan tan bakwai, yana kuma ƙara girman abu sau 42,000. Sai da mai karatu ya gamsu da na'urar sannan aka fara nuna masa abin da ta gano, daki-daki: duwatsu da furanni, sannan dazuzzuka da tafkuna, sannan garken dabbobi masu kama da ɓauna, da wata mai siffar akuya da ƙaho ɗaya, da wata dabbar ruwa mai tafiya da ƙafa biyu wadda ke gina bukka tana hura wuta. A kashi na huɗu aka kai ga ƙololuwa, wato mutane masu gashi a jiki da fikafikai irin na jemage. Daga baya aka ƙara da wani katafaren wurin bauta. An rufe labarin da cewa hasken rana ya ratsa gilashin ya tayar da gobara a ɗakin binciken, aikin ya tsaya.

Wannan jeri daga abin da hankali zai ɗauka zuwa abin da zai ƙi dabara ce ta mai ba da labari. Wanda ya yarda da fure jiya ba zai yi saurin musanta ɓauna yau ba. Jaridu da dama sun kwafi labarin, The Sun ta tattara shi a ɗan littafi ta sayar tare da zane-zane, kuma ya tsallaka Turai aka fassara shi zuwa Faransanci da Italiyanci da Jamusanci.

4.0 Tubalan Silsilar

Jaridar ba ta ce wakilinta ya gano komai ba. Ta gabatar da kanta a matsayin mai kwafowa kawai: Herschel ya hango, wani Dakta Andrew Grant ya rubuta, mujallar Edinburgh Journal of Science ta buga a wata fitowa ta musamman, wani matafiyi ya kawo kwafin New York. Kowane mataki a wannan silsila yana da aikin da yake yi.

4.1 Sunan Masani na Gaske

John Herschel mutum ne na haƙiƙa, ɗan William Herschel wanda ya gano duniyar Uranus a 1781. Gaskiya ne kuma ya isa yankin Cape Town a watan Janairun 1834 domin nazarin taurarin sashen kudu, ya zauna har 1838. Duk mai bin labaran kimiyya ya san da wannan tafiya. Abin da bai sani ba shi ne madubin da Herschel ya tafi da shi faɗinsa bai wuce inci 18 da ɗoriya ba. An zaɓi mutumin da sunansa ya isa hujja, wanda kuma nisa ya hana shi musantawa a kan lokaci.

4.2 Mujallar da ta Daina Fitowa

Mujallar da aka ambata ita ma ta taɓa wanzuwa, ƙarƙashin editancin masanin kimiyya David Brewster, amma ta daina fitowa da wannan suna 'yan shekaru kafin 1835. Wannan ya ba maƙirƙirin riba biyu. Sunan sananne ne ga kunne, sannan babu edita a kan kujera da zai fito ya ce bai buga ba. Faɗar cewa fitowa ce ta musamman ya toshe wata kafar, domin wanda ya duba kwafin da ke hannunsa bai gani ba zai ɗauka nasa ne bai iso ba.

4.3 Ganau Ƙagagge

Dakta Andrew Grant shi ne tubalin da babu ɗigon gaskiya a cikinsa. An ba shi muƙamin dakta, aka ce ɗalibin William Herschel ne kuma abokin tafiyar ɗansa. Da an sa maganar kai tsaye a bakin John Herschel, da waɗanda suka san salon rubutunsa sun tsargu. Grant kuwa ba shi da rubutun baya da za a gwada, ba shi da abokan aiki da za a tambaya. Yana cin albarkacin sunan Herschel ba tare da an iya kama shi ba, kuma shi ne ya ba labarin muryar wanda ya tsaya a ɗakin ya gani da idonsa.

4.4 Alƙaluma da Kalmomin Fannu

Tubali na ƙarshe shi ne harshe. An cika rahoton da awo da sunayen ramuka da filayen wata waɗanda ke cikin taswirar masana, aka kuma raɗa wa mutanen jemagen suna da Latin kamar yadda masana halittu ke yi. An bayyana cewa ana haska hoton da madubin ya ɗauko da wata fitila mai ƙarfi domin a ƙara masa girma a kan allo. Wannan ba ya yiwuwa, domin ƙara haske a kan hoto ba ya fito da abin da madubin bai kamo ba tun farko. Sai dai mai karatu na gama-gari ba shi da hanyar gane haka. Lambar da aka faɗa dalla-dalla tana sa a zaci an yi awo.

5.0 Tonon Asiri da Hanzarin Marubuci

Ba kowa ya ruɗu ba. James Gordon Bennett na jaridar New York Herald ya fito a ƙarshen watan ya ce labarin ƙage ne, ya nuna matsalar mujallar da aka jingina shi da ita, ya kuma ambaci Richard Adams Locke, ɗan Ingila mai yi wa The Sun rubutu, a matsayin marubucin. A Faransa, François Arago ya yi tir da labarin a gaban majalisar masana kimiyya ta Paris. Herschel da farko abin ya ba shi dariya, amma daga baya ya koka wa gwaggonsa Caroline a wasiƙa cewa masu tambaya sun dame shi cikin harsuna daban-daban. The Sun kuwa ba ta taɓa fitowa fili ta janye labarin ba.

Sai a 1840 Locke ya amsa a rubuce, cikin wasiƙar da ya aika wa jaridar New World. Hanzarinsa shi ne habaici ya yi wa marubuta irin su Thomas Dick, masu cakuɗa hasashe da kimiyya. Akwai abin dubawa a wannan hanzari, domin Dick ya kai ga ƙiyasta cewa mazauna wata sun haura biliyan huɗu. Amma habaici yana cika ne idan mai sauraro ya gane da wa ake. Manazarta adabin baka sun san cewa tatsuniya tana sanar da kanta da mabuɗi, tana kuma sallamar mai sauraro da marufi wanda ke ɗora ƙaryar a kan Gizo. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu an yi yarjejeniya cewa ƙage ake ji. Locke ya cire mabuɗin da marufin, ya sa labarinsa a shafin da ake karanta rahoton kotu da farashin kaya. Da wannan ya fitar da shi daga adabi ya shigar da shi yaudara, kowace irin niyya ce a zuciyarsa.

6.0 Maimaituwar Salon a Zamanin Kumbo

Bayan shekara 162, mai ɗaukar hoto ɗan Barcelona, Joan Fontcuberta, ya shirya wani baje-koli mai suna Sputnik a Madrid a 1997. Ya gabatar da tarihin wani kanar na Tarayyar Sobiyet, Ivan Istochnikov, wanda aka ce ya ɓace a kumbon Soyuz 2 a 1968, hukuma ta goge shi daga hotuna. Tubalan Locke duk suna nan. Soyuz 2 kumbo ne na gaske da aka harba a watan Oktoban 1968, amma ba kowa a ciki, kuma Georgy Beregovoy ya bi shi a Soyuz 3 bai samu haɗewa da shi ba. Goge mutum daga hoto ma abu ne da hukumomin Sobiyet suka aikata, kamar yadda aka yi wa Grigory Nelyubov bayan an kore shi daga rukunin 'yan sama-jannati. An kuma jingina takardun da wata gidauniya da babu ita.

Fontcuberta ya bar alamu ga mai lura. Fuskar da ke hotunan tasa ce, sunan kanar ɗin kuma fassarar sunansa ce zuwa Rashanci. Duk da haka, a 2006 shirin talabijin na Cuarto Milenio a Sifaniya ya gabatar da labarin a matsayin gaskiya. A nan ɗan jarida ne ya faɗa tarkon, kuma dalilin shi ne ya karɓi silsilar kamar yadda aka miƙo masa ita bai koma tushe ba.

7.0 Kammalawa

Misalan biyu sun nuna cewa ƙagaggen labarin sararin samaniya yana tsayawa ne a kan gaskiyar da ya ara. Ana ɗauko suna na haƙiƙa da wuri da kwanan wata, sai a soka mutum ɗaya ƙagagge a daidai gurbin da ake buƙatar ganau. Saboda haka tambayar ko abu zai yiwu ba ta isa ma'auni ba, tunda masu ilimin 1835 da dama suna ganin rayuwa a wata mai yiwuwa ce. Tambayoyin da suka tona asirin The Sun na silsila ne: mujallar tana fitowa a shekarar da aka ce ta buga? Ganau ɗin yana da wata alama a wani wuri ban da wannan labari? An tuntuɓi wanda aka ambaci sunansa? Malaman ruwaya sun daɗe da irin wannan bincike, inda sukan tabbatar mai ruwaya ya wanzu kuma ya riski wanda ya ce ya ji daga gare shi. Ga masu fassara labaran kimiyya zuwa Hausa, waɗanda galibi ke karɓar labari bayan ya bi ta hannu uku ko huɗu, waɗannan tambayoyi wajibi ne kafin a fara fassara, domin duk wanda ya kwafa ya zama mataki a silsilar, kuma mai karatunsa da sunansa zai auna labarin.