Shin Ko Kun San? Wa Ya Yi Waƙar, Wa Ya Raɗa Mata Suna?

Shin ko kun san cewa yawancin tsofaffin waƙoƙin fada na ƙasar Zamfara ba masu su ne suka raɗa musu suna ba? Makaɗi yakan kafa gindin waƙa, 'yan amshi su riƙe, shi kuma ya yi ta jero ɗiya a kai, shi ke nan. Sunan da muke kiranta da shi yau masu saurare ne suka laƙaba mata, ko wani ma'aikacin gidan rediyo da ya rubuta abin da ya ga dama a jikin kwalin faifai don ya gane shi gobe. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya da suna uku: wani ya kira ta da farkon gindinta, wani da sunan basaraken da aka yi wa, wani kuma da wata kalma da ta tsaya masa a rai.

Shin ko kun san Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne, a ƙasar Shinkafi ta yau, amma makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne? Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 sai Isa ta zauna a Sakkwato, Shinkafi ta faɗo Zamfara, kuma har gobe kowane ɓangare na cewa Narambaɗa nasa ne. Kotsonsa bai tsaya a Isa ba, ya yi wa masu sarauta na Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda waƙa. Saboda haka jin sunan gari a cikin waƙa ba ya nuna cewa mawaƙin ɗan garin ne.

Shin ko kun san kuɗi ma sukan tona asiri? Narambaɗa ya rasu ne a farkon shekarun 1960, naira da kwabo kuwa sai a 1973 suka shigo. Duk faifan da aka ce nasa ne, ka ji ana godiyar kyautar naira a ciki, to ka ajiye shi gefe, wani ne daban yake rerawa. A zamaninsa fam da sule ake yi. Haka sarauta take: waƙoƙin da Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Macciɗo duk kafin ya zama Sarkin Musulmi ne, domin Sa'idu ya rasu a 1987, Macciɗo kuwa bai zama Sarkin Musulmi ba sai 1996.

Shin ko kun san ba Bakandamiya ɗaya ba ce? Narambaɗa na da tasa, Mamman Shata na Musawa na da tasa, kuma ban da sunan babu abin da ya haɗa su. Ta farko kotso ne da Hausar Gobir, ta biyu kalangu ne da Hausar Katsina. Kunnen da ya saba ba ya ruɗewa, amma rubutun jikin waya yakan ruɗe.

Ku leƙa rumfar masu tura waƙa a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Yaro na zaune gaban kwamfuta, dattijo ya miƙa masa memori ya ce, “Ɗana, sa mini na Narambaɗa.” Yaron ya buɗe wata jaka da aka rubuta wa Narambaɗa 1, Narambaɗa 2, har zuwa talatin da wani abu, ya kwafe duka. A ciki akwai Sa'idu Faru, akwai Ɗanƙwairo, wataƙila har da Salihu Jankiɗi, wanda shi taushi ma yake kaɗawa ba kotso ba. Ba laifin yaron ba ne, haka shi ma ya samo su, daga kaset zuwa faifan CD zuwa waya, kowane zango ana zubar da wani suna a hanya. Babban suna yakan haɗiye ƙanana, kuma a ganina wannan ita ce asarar da ta fi ciwo, domin ƙananan makaɗan ƙauyuka da ba a yi littafi a kansu ba su ne suke ɓacewa gaba ɗaya.

Shin ko kun san Musa Ɗanƙwairo Maradun ya daɗe yana ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna kafin ya ja nasa ayarin? Wasu waƙoƙin da ake jingina wa Ɗanƙwairo kai tsaye na zamanin da Kurna ke jagora ne. Gidan Ɗandawo na Yawuri ma haka: akwai Aliyu uban, akwai Sani ɗan, mai saurin rubutu kuwa Ɗandawo kawai yake sawa ya wuce.

Kassu Zurmi na 'yan tauri da Gambu mai waƙar ɓarayi na ƙasar Kabi su ma mutum biyu ne, ko da wata jaka a waya ta haɗa su wuri guda.

Shin ko kun san 'yan amshi ba maimaici kawai suke yi ba? A kiɗan fada jagora yakan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗa ba. A gida ake zama a tsara waƙar tare kafin a kai ta fada. Amma sunan mutum ɗaya ne yake fita.

Wannan rikici ba namu ba ne mu kaɗai. Shin ko kun san faifan jaz na farko da aka sayar a Amurka, a 1917, a kotu ya ƙare? Ƙungiyar Original Dixieland Jass Band ce ta yi shi. Kiɗan fuska ɗaya, Livery Stable Blues, ɓangarori biyu suka yi ta jayayya a kansa a wata kotun Shikago, alƙali ya saurare su ya ce ba na kowa ba ne cikinsu, tsohon kiɗa ne da ke yawo a bakin jama'a. A ɗaya fuskar kuma sai aka gano an cusa wani yanki na kiɗan Joe Jordan na 1909, dole aka sake rubutun jikin faifan aka ambaci kiɗan nasa. Tiger Rag, wanda aka yi wa rajista da sunan wannan ƙungiya ta Turawa, Jelly Roll Morton ya ce shi ya tsara shi daga wani tsohon kiɗan rawa na Faransawa, kuma ya faɗi haka a 1938 lokacin da Alan Lomax ke ɗaukar muryarsa. Scott Joplin, sarkin kiɗan ragtaim, shi ya yi sa'a: Maple Leaf Rag ya fito a takarda a 1899 da sunansa a kai, yana kuma karɓar ladansa a kan kowane kwafi da aka sayar. Su can suna da takardar rajista da lambar faifai da za a koma wa, duk da haka ba su gama gardama ba. Mu nan hujjarmu tana cikin waƙar kanta: kayan kiɗa, karin harshe, ubangidan da aka yaba, da kirarin da mawaƙi ke yi wa kansa.

Shin ko kun san dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita? Ke nan sanin sunan mawaƙi da shekarar rasuwarsa magana ce ta haƙƙin magada. An kuwa yi aiki a kai: Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum kan Narambaɗa a 2009.

In akwai tsohon kaset a akwatin mahaifinku, kada ku jefar da kwalinsa. Ku ɗauki hoton rubutun da ke jiki, ku kunna wa dattijon da ya ga makaɗan nan da idonsa, ku tambaye shi wa ke rerawa, wa aka yi wa, su wa ke amshi, sannan ku rubuta amsar tare da sunan garin kafin ku tura wa kowa.